Haƙoran Fulera Mai Koko

Fulera mai koko ta rasu, yau kwana arba'in da ɗaya. Teburinta na nan a bakin gotar Nima, babbar kwatar nan ta Accra, an kife tukunyar, an jingine bencin da bango. Har yanzu da safe sai wani ya taho da kofinsa, ya tsaya, ya tuna, ya juya.

Sunana Asana. A firamare karatuna ya tsaya, don haka ku yi haƙuri da rubutuna. Zan ba ku labarinta yadda na gani da idona da yadda ita ta faɗa mini da bakinta. Akwai laifina a ciki, kuma ba zan ɓoye shi ba.

A tsakar gidanmu na Maamobi abin ya fara, wata Juma'a cikin shekarar 1993, bayan an sauko daga masallaci. Mahaifiyarmu Hajiya Ayisha, wadda muke kira Mma, tana zaune a kan tabarma tana tsince goron sayarwa, sai ƙanina Gafaru mai gyaran rediyo ya shigo ya durƙusa a gabanta.

"Mma, maganar nan ce dai."

"Wace magana kuma?"

"Ta Fulera, 'yar Baba Iddrisu mai gadi a unguwar Kanda. Ina so a kai goro."

Mma ta jefa goron hannunta cikin kwando. "Mai kokon nan? Wadda bakinta yake kamar gindin tukunya?"

"Mma, filis—"

"Rufe mini baki da filis ɗinka! Yarinya ƙarama haƙora duk tsatsa! Ko dai taba take taunawa a ɓoye, ko kuwa ciwon danginsu ne. So kake ta haifa mini jikoki masu irin bakin nan?"

"Wallahi ba ta san ɗanɗanon taba ba. Halinta za ki duba, Mma."

"Kafin a ga hali baki ake fara gani! In tana son ɗana, ta je wurin Ɗanbala maƙerin zinariya ya wanke mata su da ruwan da yake wanke mini 'yan kunne!"

Matan gida suka kwashe da dariya. Ni ma na yi, Allah Ya yafe mini. Abin da ba mu sani ba, Fulera tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon ƙosai mai zafi da ta kawo wa Mma gaisuwar Juma'a. Ba abin da ya wuce kunnenta. Ta ajiye kwanon a hankali a kan dakali, ta ja gyalenta ta rufe baki, ta koma.

A wani ƙauye can arewa Fulera ta tashi, a hannun kakarta, har ta shekara goma sha biyu. A ƙauyen nan kusan duk yaran haka haƙoransu suke, ja-ja da ɗigo-ɗigon fari, ba mai kallon wani. Sai da aka kawo ta Accra ta san cewa abin kunya ne. A makarantar allo ana kiranta Bakin Goro, a famfo ana tambayarta ko ƙasa take ci. Ta goge su da gawayi, ta goge da toka, ta goge da gishiri da lemon tsami, ta tauna asuwaki har muƙamuƙinta ya gaji, launin yana nan daram. Daga nan ta koyi magana leɓe a tsuke, dariya kuwa sai da tafin hannu. Gafaru ya yi wata huɗu yana shan kokonta kafin ya ga haƙoranta, ranar da ya zame cikin gota da rediyon mutane a hammata ta manta kanta ta tuntsire da dariya. Shi kuwa daga cikin taɓon ya ɗago ya ce, "Ei, sista! Ashe kin iya dariya kike ɓoye mana?" Bai sake cewa komai a kan haƙoran ba. Shi ke nan abin da ya sace zuciyarta.

Sati uku Gafaru yana roƙon Mma, ya daina cin abincin gida, ya rame. Daga ƙarshe ta ce masa, "To, ka ji sharaɗina. Ƙannena mata biyu za su zo bikin suna daga Kumasi ranar Lahadi, nan da sati biyu. A kawo yarinyar su gan ta. In sun ce ta yi, a kai goro. In sun ce a'a, ka rantse ba za ka sake ɗaga mini maganar ba sai in ni na ɗaga." Ya rantse.

Wani mai kawo masa gyara ya ba shi labarin wata likitar haƙori a unguwar Adabraka. Da yake bai dace saurayi da budurwa su tafi su kaɗai ba, ni aka ce in raka su. Muka hau trotro, motar haya, ranar Talata.

Likitar dattijuwa ce, 'yar ƙabilar Ga, amma a barikin 'yan sanda ta girma, tana jin Hausa irin ta bariki wadda mace da namiji duk ɗaya ne. Ta haska bakin Fulera, ta duba sosai, ta ce, "Yarinya, ina ka sha ruwa lokacin kana ƙarami?"

"Rijiya, a ƙauyenmu."

"Shi ne. Wannan ba datti ba, ba taba ba. Ruwan rijiya ya shiga haƙori lokacin yana tsiro. Haƙorinka yana da ƙarfi, lafiya lau."

Fulera ta ce, "Dokta, zai fita?"

"Zai ragu da yawa. Ba zai zama fari kamar takarda ba, wanda ya ce maka haka ƙarya yake. Ka zo kowace Talata, sau shida."

"Sati shida! Dokta, kwana goma sha biyu ya rage mini!"

"Haƙori bai san kwana goma sha biyu ba. In na yi sauri na ɓata shi."

Ta shimfiɗa wata roba a bakin Fulera, ta rufe dasashi da leɓe gaba ɗaya, haƙoran gaba kaɗai suka leƙo. Ta shafa magani kaɗan idonta a kan agogo, ta wanke da ruwa mai yawa, ta sake shafawa, ta sake wankewa. Ta ce za ta ji tsami kwana ɗaya ko biyu, ya wuce, kada kuma ta sa komai a kai.

Da Fulera ta koma gida ta ɗauki madubi ta fita tsakar rana. Ta juya hagu, ta juya dama. Launin ya ɗan yi haske, amma sai wanda ya san yadda yake da zai lura. Ta ƙirga kwanaki da yatsu: Talata ɗaya ce ta rage kafin Lahadin baƙi. Sai ta zauna a kan turmi ta fashe da kuka. A haka na same ta washegari, idanu a kumbure, ta ƙona ƙosai kasko biyu.

"Sista Asana, na shiga uku! Gafaru ya rantse. In suka ce a'a, shi ke nan na rasa shi."

Tausayinta ya kama ni, kuma kunyar dariyar da na yi tana cina. Na ce, "Wai me matar nan ta shafa miki ne?"

"Ta ce wani asid ne mai sauƙi, an auna shi."

"Asid? To ai Ɗanbala ma asid gare shi! Nasa ma ya fi ƙarfi. Na ga ya tsoma baƙar sarƙa ta fito tana walƙiya nan take. Likitocin nan ja miki rai kawai suke yi don ki yi ta zirga-zirga."

"Ta ce kar in sa komai…"

"Ita za ta aure ki?"

Fulera ta miƙe. Ta ɗauki gyalenta, muka fita.

Shagon Ɗanbala wani ɗan lungu ne a bayan kasuwar Nima. Da ya ji abin da ya kawo mu ya ja da baya. "Haba Asana! Wannan ruwan ƙarfe yake ci. Ko a hannuna ba na bari ya taɓa."

"Ka sirka da ruwa mana. Haƙori ai ya fi zinariya tauri."

Fulera ta durƙusa a ƙasan shagon. "Don girman Allah, Baba. Aurena ne."

Ya yi ta girgiza kai, amma ya zuba kaɗan a murfin kwalba, ya ƙara ruwa, ya naɗa auduga a tsinken tsintsiya. Ba roba, ba agogo. Yana shafawa wani wari ya tashi, haƙoran suka yi kumfa suna ƙara sii. Fulera ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni, hawaye na zuba, amma ba ta rufe bakin ba. Da ta kurkure ya miƙa mata madubi. Haƙora huɗu na gaba sun yi fari fat kamar alli.

"Sista! Sista, duba!" Tana dariya tana kuka. Tun da take ba ta taɓa buɗe baki a gaban madubi haka ba.

Murnar ba ta kai la'asar ba. A hanya ma ta fara jin iska tana sukarta kamar allura. Da ta zauna alwala ta kai ruwan buta bakinta, sai ta ƙwalla ƙara ta faɗi ƙasa tana birgima, har maƙwabta suka fito. Kafin gari ya waye leɓenta ya kumbura, dasashinta ya yi fari ya fara saɓulewa. Koko ba ya shiga, ruwa ba ya shiga. Ta rufe teburinta, ta ce wa mahaifinta zazzaɓi ne, ta aika wa Gafaru kada ya zo. Talata ta zo ta wuce ba ta je Adabraka ba don kunyar likita. Ran Alhamis ta daure ta gutsuri burodi, sai ta ji wani abu kamar yashi a harshenta. Ta tofa a tafin hannu: gefen haƙorinta ne ya marmashe.

Duk da haka ran Lahadi ta yi wanka, ta sa atamfarta mai kyau, ta zo gidanmu gyale a baki. Gwaggonninmu biyu suna zaune a kan kujera, Mma a tsakiya. Ta durƙusa ta gaishe su da ƙyar.

Babbar gwaggon ta ce, "Sauke gyalen mana, 'yata. Amarya muka zo gani, ba gyale ba."

Ta sauke.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Leɓe a fashe, dasashi yana tsatsar jini, haƙori ɗaya ya koma baƙi, sauran sun guntule. Mma ta tafa hannu. "Kun gani? Na ce ciwo ne aka ce na cika baki! Ga shi ya fito fili!"

Fulera ta ɗago ido ta dube ni sau ɗaya. Ni kuwa na sunkuyar da kai na yi gum. Gwaggonni suka ce a'a tun kafin a tambaye su. Gafaru yana tsaye jikin bango, hawaye na bin gemunsa.

Washegari shi da Baba Iddrisu suka kai ta Adabraka. Likita tana buɗe bakin ta ajiye madubinta da ƙarfi. "Wa ya yi maka wannan? Na ce kar ka sa komai! Ni ma asid nake sa, amma na san nawa, na san minti nawa, na rufe nama. Wannan ya cinye ɓawon haƙori duka, kuma ɓawon haƙori in ya tafi ba ya tsiro." Ta ce baƙin ya mutu, dole a cire shi, sauran ukun sai an yi musu hular da za ta rufe su, kuma ba za a fara ba sai dasashi ya warke. Aikin wata biyar ne, ga wadda ta kasa jiran sati shida.

A bakin titi Fulera ta ce wa Gafaru, "Ka rabu da ni. Da ja ne Mma ta ƙi, yanzu giɓi ne. Ka nemi wata."

"Fulera, ki saurare ni da kyau. Na rantse ba zan ɗaga maganar ba, kuma ba zan saɓa wa uwata ba. Amma ban rantse zan auri wata ba, koraa, ko kaɗan! In shekara goma ce zan zauna."

"Za ka tsufa a banza."

"Sai mu tsufa. Tsofaffi ma ai ba su da haƙora."

Ta so ta yi dariya, zafi ya hana ta.

Baba Iddrisu mutum ne mai sanyi, amma wannan karon ya tashi. Fulera ta faɗa masa a shagon Ɗanbala aka yi, ta ƙi faɗin wanda ya kai ta. Ɗanbala kuwa da ya ji labari ya kulle shago ya tsallaka Lome ta Togo. Sai wata maƙwabciyarmu ta tsegunta wa tsohon cewa daga bakin Hajiya Ayisha sunan Ɗanbala ya fara fita. Ga kuma magana ta cika Maamobi cewa gidan Iddrisu suna da ciwon baki na gado. Ya kai ƙara wurin limamin unguwa, aka kira mu zaure bayan azahar.

Tsohon ya miƙe. "Malam, 'yata marainiya ce, ni ne uwarta ni ne ubanta. An ƙona mata baki, an kuma ɓata mana suna. In daga gidan Hajiya aka tura ta, wallahi daga nan ofishin 'yan sanda zan wuce!"

Mma ta ce, "Ni wasa na yi! Wa na kama hannunsa?" Amma muryarta ta canja. Ni kuwa na tsorata, don ina da goyo a lokacin, na san kuma kalma ɗaya daga bakin Fulera ta isa a tafi da ni.

Liman ya ce, "Fulera, ki ji tsoron Allah ki faɗi gaskiya. Wa ya kai ki?"

Ta daɗe kafin ta iya haɗa leɓenta. "Malam, ƙafata ce ta kai ni. Ni na durƙusa na roƙi Ɗanbala, ni na buɗe bakina. Likita ta hana ni, na ƙi ji. Ba ni da ƙara a kan kowa."

"Ke!" in ji mahaifinta. "Mutanen da suka mai da ke abin dariya kike karewa?"

"Baba, ka yafe mini. Haƙorin ya riga ya tafi. Ko an kulle uwar wani, ko an raba wata da jaririnta, ba zai dawo ba." Jini ya fara bin gefen bakinta, ta goge da gyale. "Hajiya ta haifi Gafaru. Ko ba ta karɓe ni ba, ba zan zama sanadin tozarta ta ba."

Nan na kasa daurewa. Na faɗi a gaban mutane ina kuka ina cewa, "Ni ce! Ni na ba ta shawara, ni na ja ta, ni na matsa wa Ɗanbala! Maganar Mma na ɗauka na mai da ita gaskiya. Ranar da gwaggonni suka zo na san ba ciwo ba ne, na yi shiru!"

Gafaru ya zaro wata takarda da likita ta rubuta musu ranar da suka kai Fulera, liman ya ce ya karanta ya fassara. Ta rubuta cewa launin daga ruwan sha ne, ba taba ba, ba a gadonsa, kuma da an bar ta ta gama aikinta da yawancinsa ya fita ba tare da lahani ba.

Mma ta miƙe. Ta ja mayafinta ta fita. Baba Iddrisu ya dube ni ya daɗe, ya ce saboda 'yarsa ya bar ni da Allah.

Kwana huɗu Mma ba ta fita kasuwa ba, ba ta yi wa kowa magana ba. Ran Talata da hantsi ta fito da mayafin unguwa ta ce wa Gafaru, "Yau ne za a cire haƙorin?"

"Yau ne, Mma."

"Koma shagonka. Ni zan kai ta."

Fulera ce ta ba ni labarin abin da ya faru a can. Sai da likita ta ɗauko abin cirewa Mma ta matso ta riƙe mata kai a ƙirjinta, tana cewa, "Sannu 'yata, sannu. Bakina ne ya ci naki. Ki yafe mini." Tun daga ranar ba Talatar da Mma ta fasa, har wata biyar suka cika. Ita da kanta ta ɗaga maganar goro. Sau biyu Baba Iddrisu yana mayar da shi, sai da Mma ta je Kanda ta durƙusa masa a bakin get ɗin gidan da yake gadi, sannan ya karɓa.

An ɗaura aure bayan babbar Salla. Haƙoran da likita ta yi mata sun yi kyau, sai dai bakinta bai koma daidai ba har abada. Ruwan sanyi ya haramta gare ta, kokon da take damawa sai ya huce take iya ɗanɗanawa. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ko da wasa. Shekara shida suka yi da Gafaru, 'ya'ya biyu, ba a taɓa jin kansu ba. Mma kuwa ba ta cin tuwon kowa sai nata. Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke Fulera, a kan cinyar Mma ta cika.

'Yan mata, ku ji daga bakin wadda ta yi kuskure: abin da mai ilimi ya ce sati shida ne, kada wata Asana ta ce muku nan take ne. Gaggawa ta ci haƙoran Fulera, haƙuri ne ya ba ta mijinta. Iyaye kuma ku auna wasan da ke fita daga bakinku, don akwai mai tsaye a bakin ƙofa.

Wanda duk ya karanta wannan, don Allah ya ɗaga hannu tare da ni. Allah Ka jiƙan Fulera 'yar Iddrisu, Ka haskaka kabarinta, Ka raya abin da ta bari, Ka ba Gafaru da tsohonta juriya. Ni kuma da ta rufa wa asiri a gaban mutane, ya Allah Ka rufa mata nata ranar da ba mai rufawa sai Kai. Ku ce amin.